Keken Gwaggo a Bayan Igiya

4 ga Maris

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya gwiwar nan da ke hana ki sakat? Ya jikarki Takwara da rigimarta? Mu nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar gida.

Keken ɗinkin ya iso ranar Litinin. Direba ya sauke shi a ƙofar gidan tarihin yana ta mita, wai ƙarfen ya kusa karya masa baya. Ko ƙwarzane bai yi ba. Na gode, Gwaggo. Ke da Baba kaka ɗaya kawai kuka haɗa, rabona da ke kuma tun rasuwarsa, amma da na roƙi aron abin da kika yi shekara arba'in kina takawa ba ki ce mini a'a ba.

Direba ya ce kin tambaye shi aikin da nake yi, ya ce miki gadin tsofaffin kaya. Bai yi nisa da gaskiya ba. Aikina shi ne in jawo matasa da mutanen unguwa su shigo gidan nan. Shekara huɗu ke nan ina yi. Na zaga makarantu, na tsaya a bakin filin ƙwallo da takardu a hannu, na yi magana har muryata ta dushe. Yanzu duk Asabar samari da 'yan mata wajen goma sha biyar suna zuwa. Kada ki ɗauka tarihi ne ya kawo su. Muna da wuta, ɗakin taronmu kuma yana da soket shida. Sai su jona wayoyinsu su zauna a ƙasa, ni kuma in tsaya ina zuba bayani a kan tukwanen da ke cikin gilashi. In na gama in ɗauke su hoto in sa a rahoto, Darakta ya ce madalla.

Shi ya sa na ce bari mu gwada wani abu, kowa ya kawo tsohon abin gidansu mu yi nuni da shi. Wani ya kawo rediyon kakansa, wata ta kawo dutsen guga na gawayi. Suka ce ni ma sai na kawo nawa. Babu abin da ya faɗo mini a rai sai keken da aka ɗinka mini kayan makarantata na farko a kansa.

Ga takarda nan na haɗo, ki sa hannu a inda na yi alama ki ba direba. Fom ɗin aro ya ƙare a ofis, sai mai rajista ya ba ni wannan ya ce in cike, za a gyara daga baya. Wata huɗu ne kawai. Ƙarshen Yuni kekenki yana ɗakinki, in sha Allahu.

Taki,
Gajeriya

2 ga Afrilu

Gajeriya 'yata,

Na samu takardarki, na ji daɗi. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, mun saba da juna. Idona ne ma yake ɗan yi mini hazo-hazo kwanakin nan, amma ana sa magani. Takwara tana gaishe ki, ko da yake ba ta san ki ba, ta ɗauka ke ce kika sace keken.

Na sa hannu a takardar. Ban karanta ba, rubutun ƙanana ne ƙwarai, wanda ya buga shi ba ya son a karanta. Ke kika aiko, wannan ya ishe ni.

To, mai gadin tsofaffin kaya, buɗe kunnenki. Keken nan ba tukunya ba ne, ba ya son zama. Duk mako ki ɗiga masa mai a ramuka ukun da ke samansa, ɗigo ɗaya-ɗaya, kada ki yi masa wanka. Kwalbar man tana cikin aljihun teburin, wajen hagu. In kin sa, ki taka shi ya ɗan yi gudu ko da babu zare. In ya yi wata biyu ba a taka ba yakan yi fushi, ya ƙi juyawa. Kuma yana da hali ɗaya: duk taƙi guda yakan tsallake ɗinki ɗaya. Makanikai uku sun buɗe shi sun rufe, ba su gano dalili ba. Kada wani ya ce zai gyara, haka na same shi, haka muka zauna.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Takwara za ta shiga makaranta a Satumba. Kin san duk yaron da ya fita daga danginmu zuwa aji ɗaya, a keken nan aka ɗinka masa kayansa na farko. Na ɗinka na uwarta, Allah ya ji ƙanta. Na ɗinka naki, sai da na ninka kalmasar ƙasan sau uku saboda ba ki da tsawon kirki, daga nan sunan ya bi ki. Takwara ce ta ƙarshe, bayanta babu wani. Na riga na sayi yadin, shuɗi, yana ƙarƙashin katifa. Ina son keken ya dawo ƙarshen Yuni kamar yadda kika ce, kada ya wuce. Ina da dalili.

Gwaggonki

11 ga Yuli

Gajeriya,

Ina fata lafiya. Mu nan da sauƙi.

Yuni ya zo ya wuce. Kwana uku ina sa Takwara ta share gurbin keken, ina zama a ƙofa duk motar da ta tsaya in miƙe. Direba ya rantse mini ya ba ki takardata hannu da hannu tun Afrilu. Ya ce ya leƙa wurin aikinku sau biyu, an ce masa kina taro. Wane irin taro ne wannan da ba ya ƙarewa?

Na zauna na yi ta tunanin abin da na rubuta miki. In kiran da na yi miki da mai gadin tsofaffin kaya ne ya ɓata miki rai, to wasa nake yi, bakina ne haka tun ina yarinya. Ubanki ya sha fama da shi. Ba na raina aikin kowa. In kuma keken ne ya faɗi ya karye, ki faɗa mini, ƙarfe ne, ba rai ba. Shirun nan ne ba na so.

Yadin yana nan ƙarƙashin katifa. Saura wata biyu a buɗe makaranta.

Gwaggonki

27 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Da na buɗe wasiƙarki na ga yadda kika yi rubutun manya-manya, layi uku sun cinye rabin shafi, na san ranki ya ɓaci matuƙa. Kina da gaskiya. Ba wasanki ne ya sa na yi shiru ba, kunya ce. Sau huɗu ina fara rubuto miki ina yagewa. Ranakun da direba ya zo kuwa ba na wani taro, ina cikin sito na ɓuya.

Keken bai karye ba. Abin da ya faru ya fi wannan ban haushi. Takardar da kika sa wa hannu ba ta aro ba ce, ta kyauta ce. Mai rajistan da ya ce za a gyara daga baya ya tafi hutu, wanda ya riƙe masa aiki ya ga takarda da sa hannu, sai ya shigar da keken cikin babbar rajistar gidan. Aka ba shi lamba, aka rubuta ta da farin fenti a ƙarƙashin teburin. A wurin nan, Gwaggo, duk abin da ya samu lamba ya zama na gidan. Darakta da kansa ba shi da ikon fitar da ko cokali. Sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuma sau biyu yake zama a shekara. Ya zauna a Yuni, maganarmu tana ƙasan takarda, lokaci ya ƙare kafin a iso kanta. Zama na gaba sai Disamba. Laifina ne, ni na cike fom ɗin, kuma na san bambancinsu.

Maganar mai ma ban cika miki ba. Muna da ma'aikaci mai kula da lafiyar kaya, yara suna ce masa Malam Kar-a-taɓa. Ranar da keken ya samu lamba ya zo da farar safar hannu, ya cire bel ɗin fatar ya sa a ambulan, ya goge duk man da ke jiki da auduga, ya zagaye shi da jar igiya. Na ce masa, “Malam, mai shi ta ce a riƙa sa masa mai ana takawa.” Ya ce, “Malama, yanzu ba keke ba ne, kayan tarihi ne. Duk juyi ɗaya yana cin ƙarfen.” Ba mugu ba ne, haka aka koya masa, kuma ya fi kowa son kayan nan.

Abin takaicin, a duk nunin babu abin da yaran suke tsayawa a gabansa sai shi. Akwai wata yarinya, muna ce mata Mai Waya don ba ta ɗaga kai daga wayarta. Ta taɓa koyon ɗinki wata shida kafin shagon ya rufe. Ita ce ta tambaye ni, “Anti, yana aiki kuwa?” Na ce yana yi. Ta ce, “To me ya sa aka ɗaure shi?” Sai na ce mata lokacin hoto ya yi.

Na gaji, Gwaggo. Kullum ana ce mini in kawo matasa, in na kawo su kuma a ce su mayar da hannu baya kada su taɓa komai. Ki bari in kai awon Takwara wurin tela a nan, akwai mai kyau a layinmu, cikin kwana biyu zai gama. A Disamba in kawo miki kekenki da kaina.

Taki mai laifi,
Gajeriya

9 ga Agusta

Gajeriya,

Lafiya lau muke. Na ji bayaninki, maƙwabciyata malamar makaranta ce ta karanta mini.

Ke dai har yanzu yarinya ce. Wa ya ce miki fushi ne ya sa na yi rubutu manya? In na yi fushi ba na rubutu, zuwa nake yi. Idon ne. Tun Fabrairu likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Dalilin da na ce miki ina da shi ke nan. Na so in zauna a kan keken nan sau ɗaya da sauran ganina. Ban faɗa miki ba don kada ki fasa nuninki saboda ni, na ga yadda kika rubuta maganar yaran nan. To ni ma ga nawa laifin, mun yi ɗaya-ɗaya.

Disamba ba ta da amfani a wurina. Telan layinku kuma ya riƙe kyansa, ba tela na rasa ba, a nan ma akwai su har sun yi yawa.

Ga ƙunshi nan direba zai ba ki. Na yanka yadin da kaina, a tsakar gida da rana tsaka, kwana uku ina yi, abin da da nake gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa. Gaba, baya, hannu biyu, kwala, aljihu ɗaya. Na yi alama da alli inda za a haɗa. Tunda sun hana keke zuwa wurin yadi, ga yadi nan ya je wurinsa. Ba ruwana da wanda zai taka, in dai a kansa ne. Ki nemi yarinyar nan mai tambaya. Kalmasar ƙasa kawai kada a taɓa, a bar mini ita.

In zai ja miki kora daga aiki, ki maido mini yadina, ba zan riƙe ki ba. Ki gaishe da Malam Kar-a-taɓa, ki ce masa shekara arba'in ina cin ƙarfen nan ban cinye ba.

Gwaggonki

26 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ya idon? Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wuri na zauna. Wata huɗu kina jira da ido ɗaya, ni ina ɓuya a sito. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba.

Ban tsaya rubuta wa kowa takardar neman izini ba, na san inda za ta kwana. Na je wurin Malam Kar-a-taɓa na miƙa masa wasiƙarki. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya ce, “Ba zan iya ba ki izini ba, ba ni da shi.” Na juya zan fita sai ya ce, “Ni dai ba na zuwa aiki ranar Asabar. Ambulan ɗin bel yana akwati na huɗu a sito. Ranar Litinin kuma duk abin da na gani zan rubuta.” Na ce na yarda.

Ranar Asabar da hantsi na kwance jar igiyar. Mai Waya ta mayar da bel ɗin, ta ɗiga mai a ramukan uku yadda kika ce. Ta taka, ya ƙi. Gwaggo, ya yi fushin da kika faɗa. Na ce shi ke nan mun kashe shi. Wani saurayi mai gyaran babura ya ce a ba shi wuri, ya kama ƙafar keken yana juya ta da hannu a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan, ya fi minti ashirin yana lallashinsa. Can sai ya saki. Da ƙarar nan ta tashi a cikin zauren, wallahi sai na ji ni a ɗakinki ina tsaye a kan kujera kina cewa in daina motsi.

Ban kira kowa ba, su da kansu suka baro wayoyinsu a jone suka zo. Ɗaya ya riƙe yadi, ɗaya yana karanta alamun allinki, biyu suna gardama a kan wane hannu ne na dama. Mai Waya ta ɗinka taƙi biyu ta tsaya ta ce, “Anti, keken nan yana tsallake.” Na ce haka yake, kada ki taɓa. Sau biyu ta farke kwalar. Wani ya tambaye ni wace ce mai keken, na ba su labarinki da na kayan makarantata, suka yi ta dariyar kalmasa uku, yanzu har da su a kirana Gajeriya. Mai gadi ya zo rufe ƙofa ƙarfe biyar ya tarar babu wanda ya tafi. A shekara huɗu ban taɓa ganin haka ba, kuma na manta ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Ranar Litinin Malam ya ga ɗigon mai a kan dakalin da keken yake, ya rubuta kamar yadda ya ce. An ba ni takardar tuhuma, an kuma dakatar da ni daga shirin Asabar har kwamiti ya zauna. Ba a kore ni ba, kada ki damu. Darakta ya yi mini faɗa na rabin awa, da zan fita ya tambaye ni ko akwai hotunan ranar, wai za su yi kyau a rahoton shekara. Bel ya koma ambulan, igiya ta koma wurinta.

Ga rigar nan. Ba ta kai taki ba, kwalar ta ɗan karkace. Ƙasan yana nan a sake yadda kika ce.

Taki,
Gajeriya

15 ga Satumba

Gajeriya 'yata,

Wannan rubutun ba nawa ba ne, na maƙwabciyata ne, ni ina faɗa tana rubutawa. Idon daman ma ya tafi tun ƙarshen wata. Ina bambance rana da inuwa, shi ke nan. Kada ki yi mini kuka a takarda, na riga na yi nawa na gama.

Rigar ta iso. Da direba ya tafi na zauna na juya ta ciki waje. Ba zan ɓoye miki ba, na ce a raina yarinyar nan tana jin kunyata, ta yiwu ta kai wa telan layinsu ta haɗa mini labari mai daɗi. Sai na bi ɗinkin gefe da yatsa. Taƙi ɗaya, tsallake. Taƙi ɗaya, tsallake. Har ƙasa. Na bi ɗaya gefen ma haka. Na ce shi ne, ɗan banza, bai canja hali ba. Ki yafe mini zargin.

Ki ce wa yarinyar nan hannunta yana da kyau, amma tana jan yadi. Ta bar keke ya ja da kansa, shi ya sa kwalar ta karkace.

In kwamitinku ya zauna a Disamba, kada ki ɗora wa direba ƙarfen nan ya karya masa baya a banza. Me zan yi da shi a ɗaki, in riƙa tuntuɓe? Ki kai musu wannan takardar. Ni mai keken na ce na bar musu shi da lambarsu, in za a mayar masa da bel yara su riƙa takawa ranar Asabar. In ɗaure shi za su yi, su ba ni abina, gara ya yi tsatsa kusa da ni. Malama ta rubuta wannan da manyan baƙaƙe, yadda kowa zai iya karantawa.

Takwara ta tafi makaranta ranar Litinin. An ce mini rigar ta yi mata kyau, shuɗin ya karɓe ta. Kalmasar ni na yi da hannu, ita ta zura mini zare a allura, sauran aikin kuwa yatsuna sun san hanya. Sau uku na ninka, don ita ma ba ta da tsawon kirki.

Gwaggonki